Yadda Ake Kiwon Kifin Siklid a Babban Akwatin Gilashi a Gida

Duk wanda ya taɓa cin karfasa ya riga ya san siklid, domin karfasa 'yar wannan dangi ce. 'Yan uwanta da ake ajiyewa a falo don ado kuwa, yawancinsu daga manyan tafkunan gabashin Afirka suka fito: Malawi, Tanganyika da Biktoriya. Tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan iri waɗanda babu su a ko'ina sai can. Akwai ruwan ɗorawa, akwai shuɗi mai ƙyalli, akwai ruwan goro. Suna gane mai ba su abinci, suna haƙa rami, uwa tana renon ƙwai a cikin bakinta. Amma fa masifaffu ne, kowane namiji yana son yankinsa, kuma a shirye yake ya yi kisa a kai.

A nan Kaduna abin da ya fi kashe wa mutane kifi shi ne ɗaukewar wuta, sanyin hunturu, ɗanyen ruwan da ba a shirya ba, sai kuma faɗan kifin da kansu. Dukkansu tun kafin kifi ya shigo gida ake maganinsu. Saboda haka kifin shi ne abu na ƙarshe da za ka saya.

Kayan da za ka tanada

- Akwatin gilashi. Tsawonsa ya fi zurfinsa muhimmanci, domin ƙasa waɗannan kifaye ke rabawa a tsakaninsu. Kada ya gaza santimita 120. Wanda zan yi ta misali da shi a nan yana da tsawon santimita 150, faɗi 50, zurfi 60. Ka ninka lambobin uku da juna ka raba da 1,000, lita 450 ke nan. Irin wannan yana son gilashi mai kaurin milimita 12.
- Teburin ƙarfe, falankin katako mai kauri, da farin kumfan roban nan da ke zuwa cikin kwalin firij ko talabijin.
- Filta, wato abin tace ruwa, da famfon da ake nutsarwa cikin ruwa.
- Injin iska mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da aiki da kansa idan an ɗauke wuta. A wurina wannan ya fi fitila da kayan ado duka muhimmanci. Ka haɗa da siririn tiyo da ɗan bawul mai hana ruwa komawa baya.
- Hita mai wat 300, ko guda biyu masu wat 150, da ma'aunin zafi.
- Yashi da duwatsu masu yawa.
- Kayan gwajin ruwa da maganin kashe kulorin.
- Duron roba, bokiti biyu sababbi waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba, dogon tiyo, da 'yar raga ta kama kifi.
- Ƙaramin akwati na biyu ko babbar roba mai cin lita 60 zuwa 80, don baƙon kifi da marar lafiya.
- Murfi da fitilar LED.

1. Yanke shawarar irin da za ka kiwata

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shiga wurin mai sayarwa ya ce a ba shi ɗaya daga kowane launi. Siklid na Malawi ruwa mai nauyin ma'adanai suke so, na Kudancin Amurka kuwa ruwa mai laushi. Abincinsu daban, halinsu daban. Ka zaɓi waje ɗaya ka tsaya a kai.

Mai farawa ina ba shi shawarar mbuna, wato ƙananan siklid na Malawi masu zama cikin duwatsu suna kankarar gansakuka. A cikinsu akwai masu sauƙin kai. Labidochromis caeruleus, wanda 'yan kasuwa ke kira yellow lab, ruwan ɗorawa ne da baƙin layi a fiffiken baya, ba ya wuce santimita 10 sosai. Pseudotropheus acei shuɗi ne mai wutsiya ruwan ɗorawa, kuma ya fi yawo a sama-sama, don haka ba ya takura wa masu kogo. Iodotropheus sprengerae launin tsatsa gare shi, shi ma ba shi da rigima. Waɗannan ukun suna zama tare lafiya a akwati mai lita 450, jimilla kamar 20 zuwa 25.

Ka kiyayi Melanochromis auratus. Yana ƙarami kyakkyawa ne, layin baƙi da ruwan zinare, amma namijin idan ya girma sai ya gama da na cikin akwatin ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma ka haɗa yellow lab da Metriaclima estherae mai ruwan goro, domin suna barbarar juna, 'ya'yan su fito ba nan ba can.

Idan babban kifi ɗaya ko biyu kake sha'awa, akwai oska, ɗan yankin Kogin Amazon. Yana kai santimita 30 ko fiye, yana yin shekara goma da ɗoriya, kuma akwatin nan gaba ɗaya na guda biyu ne kacal. Akwai kuma namu na gida, Pelvicachromis pulcher, wanda ake kira kribensis, ɗan rafukan kudancin Najeriya, ƙarami mai jan ciki. Sauran bayanin nan a kan mbuna na gina shi.

2. Wuri, tebur da akwati

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gilashin akwatin nan shi kaɗai ya kusa kilo 95, ga yashi ga duwatsu. Idan ka tara, kana maganar kilo 600. In ka je wurin masu walda a Panteka, ka faɗi nauyin yadda za a gane: "Malam, buhun siminti goma sha biyu ne zai zauna a kai, shekara da shekaru ba saukewa." A yi shi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai kauri, ƙafa shida, da ƙarfen ɗauri a ƙasa da sama, a shafe shi da fentin hana tsatsa. Teburin falo na katako ba zai yi ba, komai kyansa. Idan a bene kake, ka jingina shi da bango mai ɗauke da nauyin gini, ko ka fara tambayar magini.

Wurin ya zama nesa da taga. Rana tana mai da ruwa kore, kuma tana dafa shi a bazara. Kada ya zama daidai inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa, kada kuma ya zama mashigar da yara ke gudu.

Ka ɗora falanki a kan tebur, ka shimfiɗa kumfan roba, sannan akwati. Ɗan tsakuwa ɗaya tsakanin gilashi da ƙarfe ya isa ya tsaga gindin. Ka ari ma'aunin daidaito na magina ka duba ta kowane ɓangare. Idan wata ƙafa ta yi gajarta, a sa mata guntun ƙarfe, ba kwali ba.

Idan masu yankan gilashi ne za su haɗa maka, ka sayi silikon ɗin, wato abin manne gilashin, da hannunka. Wanda ake so shi ne zalla, mai warin binega. Wanda aka rubuta masa yana hana fumfuna, na bayi da kicin, guba ne ga kifi. A sa sandunan gilashi a saman akwatin su riƙe gaba da baya, kada ruwa ya bankare su. Ka bar shi mako guda ya bushe, sannan ka cika shi a tsakar gida, a wuri mai laushi kuma daidaitacce, ya kwana biyu ko uku. Gara ya yi yoyo a can da ya yi a kan kafet. Kuma kada a taɓa ɗaga shi da ruwa a ciki, ko da kaɗan ne.

3. Duwatsu kafin yashi

Mbuna maginan rami ne. Za ka ga kifi ya cika baki da yashi, ya je gefe ya tofar, ya dawo, har sai ya kai gilashin ƙasa. Idan a kan yashi ka jera duwatsu, zai haƙe ƙarƙashinsu, tarin ya rushe a kansa ko a jikin gilashi. Don haka ka shimfiɗa siririn kumfan roba ko faifan roba a gindin akwatin, ka zaunar da manyan duwatsu a kai daram, ka girgiza kowanne da hannu ka ji ba ya motsi, sannan ka zuba yashi ya kewaye su. Kaurin santimita 3 zuwa 4 ya isa.

Dutse ba ya mana wuya a nan. Dutsen giranit da ake fasawa don gini ba ya canza ruwa, sai dai ka zaɓi marasa kaifi, ko ka goge bakinsu. Mulmulallun duwatsun rafi sun fi kyau. Marmara tana marmashewa ta ɓata ruwa, ka bar ta, haka duk dutse mai tsatsa ko ƙyallin ƙarfe. Idan ka ɗiga binega a kan dutse ya yi kumfa, dutsen laimston ne, kuma ga kifin Malawi alheri ne. Ka wanke su da buroshi da ruwan zafi, babu sabulu. Kada ka dafa dutse a tukunya, yana iya fashewa.

Ka tara su har rabin zurfin akwatin ko fiye, tari biyu ko uku da fili a tsakani. Kogunan su fi kifin yawa. Abin da ake nema shi ne wanda aka biyo ya sha kwana ya ɓace wa mai binsa, domin siklid idan bai ga abokin faɗa ba, ya manta da shi. In duwatsu sun yi kaɗan, tukwanen ƙasa sababbi da aka fasa gefensu suna yin kogo mai kyau.

Yashin Kogin Kaduna da tifa ke kawowa yana yi. Ka tankaɗe shi, ka riƙa wanke kaɗan-kaɗan a bokiti har ruwan ya fito garau. Aiki ne mai cin rai, amma wanda ya yi ha'inci a nan zai yi mako yana kallon ruwa kamar kunu. Shuka kuwa ba dole ba ce, tumɓuke ta suke yi. In kana so, ka nemi Anubias, mai ganye mai tauri, ka ɗaure ta a jikin dutse da zare.

4. Ruwa

Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda ke ƙona inda kifi ke numfashi. Ka sa maganin kashe shi yadda aka rubuta a kwalba. In babu, ka tara ruwan a duro a buɗe, ka jefa tiyon iska, ya yi kwana biyu. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma iskar shaƙa ta yi masa kaɗan, shi ma a bar shi ya kwana da iska. Idan ka ga ja-ja ya kwanta a gindin duro, ƙarfe ne, ka ɗebi na sama. Rijiyar da ke kusa da masai sai an gwada ta. Idan a wurin 'yan ga-ruwa kake saye, ka riƙe mutum ɗaya mai ɗebowa daga wuri ɗaya, ka kuma sansana jarkokin, domin ɗigon kananzir ko sabulu ya isa ɓarna.

Sai maganar pH, ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Lamba 7 ce tsakiya. Ruwan Tafkin Malawi yana wajen 7.8 zuwa 8.6. Kaduna a kan giranit take zaune, shi ya sa ruwan rijiyoyi da yawa mai laushi ne, wani ma ya ɗan gaza 7. Ka gwada naka. Idan ya yi ƙasa, hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ka sayi dakakken laimston ko ɓawon kawa a wurin masu haɗa abincin kaji, ka wanke, ka ɗaure kilo ɗaya ko biyu a raga ka ajiye cikin filta. A hankali yake narkewa. Idan bai isa ba, ka ƙara sodar burodi, wato sodiyam baikabonet zalla, ƙaramin cokali ɗaya a lita 50, ka narkar a duro kafin ka zuba. Ba bakar hoda ta yin kek ba, wannan akwai wasu abubuwa a cikinta. Ana yawan tambayata ko kanwa za ta yi. Ban yarda da ita ba: ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, tana iya cilla pH sama farat ɗaya, ga datti. Ruwan da ya tsaya a 7.6 kullum ya fi wanda yau 8.4 gobe 7.

5. Filta da shirin ɗaukewar wuta

Siklid akwai ci akwai kashi, kuma da gangan muke cunkusa su don faɗa ya rarrabu. Don haka famfo ya riƙa juya ruwan akwatin sau shida zuwa takwas a awa, wato lita 2,700 zuwa 3,600 ga namu.

Akwai filtar gwangwani rufaffiya da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur. Tana aiki sosai, amma inda wuta ke zuwa tana tafiya tana da haɗari. Idan ta tsaya na awoyi, iskar cikinta ta ƙare, ƙwayoyin bakteriya masu amfani su fara mutuwa, ruwan ciki ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wuta na dawowa sai ta amayar da shi cikin akwati, wataƙila kana barci. Mai irinta, ko dai ya ɗora ta a inbata, ko ya riƙa zare soket idan an ɗauke wuta, ya zubar da ruwan ciki kafin ya sake kunnawa.

Ni abin da na fi so shi ne haɗin biyu. Na farko, doguwar roba a saman akwati, famfo yana tura ruwa ta wannan baki, ya ratsa soso da fasassun tukwanen ƙasa ko sababbin sosunan roba na wanke-wanke, ya zubo ta ɗaya bakin. Kowa na iya haɗa ta a gida, kuma ko wuta ta tafi kayan cikinta suna nan da danshi suna shan iska. Na biyu, manyan filtocin soso guda biyu a cikin ruwa, waɗanda injin iska mai batir ke turawa. Su ne ke riƙe ran kifin a cikin duhu. Soson katifa yana saurin toshewa, ka nemi mai manyan ƙofofi.

Injin iskar ka ɗora shi sama da bakin ruwa, ko ka sa bawul ɗin nan a tiyo. In ba haka ba, yana tsayawa ruwa zai biyo tiyon ya gangaro, ya lalata injin ya jiƙe ɗaki. Kowace waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon ruwa ya sauka a ƙasa. Famfo da injin iska ba sa cin wuta sosai, ƙaramar inbata ko sola tana ɗaukarsu. Hita ce mai shanye batir.

Ranar da komai ya ƙare, batir ya mutu, ka ga kifi sun taso sama suna haki, ka ɗebi ruwan akwatin da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama, minti biyu ko uku, duk bayan kwata ko rabin awa. Kuma kada ka ba su abinci sai wuta ta dawo.

6. Barin ruwa ya nuna

Nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, guba ce, kuma a ruwa mai pH sama kamar na mbuna dafinta ya fi tsanani. Wasu bakteriya suna mai da ita naitrait, shi ma guba. Wasu kuma su mai da naitrait ya koma naitret, wanda kifi ke jurewa har ka canza ruwa. A sabon akwati babu waɗannan bakteriya, sai sun hayayyafa a cikin filta, abin da ke ɗaukar mako huɗu zuwa shida.

Ka kunna komai, babu kifi. Kullum ka marmasa ɗan abincin kifi ka zuba ya ruɓe. Duk kwana uku ka gwada. Za ka ga amoniya ta hau ta sauko, naitrait ya hau ya sauko. Ranar da su biyun suka koma sifili, naitret ya bayyana, ruwa ya nuna. Ka canza rabinsa, sai kifi. Ruwa ya yi fari-fari a makon farko ba komai ba ne, zai washe. Kuma garau ɗin ruwa ba shaida ba ce, amoniya ba ta da launi.

Idan kana da aboki mai tsohon akwati mai lafiya, ka roƙi guntun sosonsa, ka kawo shi a jiƙe cikin leda ka sa a filtarka. Yana rage jiran sosai. Idan kayan gwaji sun gagara, ka cika mako shida cur, ka fara da kifi shida, ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk kwana uku har wata guda.

7. Saye da zubawa

Ka tsaya ka kalli kifin kafin ka biya. Mai lafiya yana rugowa gaban gilashi, fiffikensa a buɗe, cikinsa bai lotsa ba bai kumbura ba. In akwai matacce ko mai fararen ɗigo a akwatin mai sayarwa, ka haƙura da duk na ciki. Ka sayi ƙanana masu santimita 4 zuwa 5, bakwai ko takwas daga kowane iri. A wannan girman ba a bambance mace da namiji, ɗigo mai kama da ƙwai da ke fiffiken ƙasa, wanda ake ɗauka alamar namiji ce, shi ma ba hujja ba ne, wasu matan suna da shi. In sun girma sai ka rage mazan, ya zama kowane namiji yana da mata uku ko huɗu. Mace ɗaya tilo, namiji zai matsa mata har ta mutu.

Akasari daga Legas ake turo su a motar dare. Ka roƙi mai turowa ya hana su abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ya cika leda da iskar oksijin, ya sa a kwalin kumfa. Ka je tasha da sassafe, kada kwalin ya zauna a rana. A gida ka kashe fitila, ka ɗora ledar a rufe a kan ruwa minti 20 zafinsu ya daidaita, sannan ka buɗe, ka juye a bokiti ta cikin raga, ka saki kifin nan take. Ruwan ledar a zubar. Kifin da ya yi doguwar tafiya ba a barinsa cikin buɗaɗɗiyar leda, domin iska na shiga pH ya tashi, amoniyar da ta taru ta koma dafi. Ranar farko babu abinci.

Zubin farko na iya shiga babban akwati kai tsaye. Duk wanda ya zo daga baya sai ya yi mako uku a ƙaramin akwati. In za ka shigar da su, ka sa uku ko fiye a tare, da dare, bayan ka sauya wa duwatsu zama don kowa ya koma baƙo. Kifi ɗaya tak da aka jefa cikin waɗanda suka riga suka raba yanki, da wuya ya kai safe lafiya. In kana son abokin zama na wani dangi, kurungu yana jure musu.

8. Abinci

Hanjin mbuna dogo ne, na cin ganye. Ka nemi abinci mai spirulina, wato wata irin gansakuka. Abincin tarwada da ake samu ko'ina a gari maiƙo da furotin sun yi masa yawa, yana kumbura musu ciki, yana kuma ɓata ruwa. Nama, jan tsutsa, burodi da tuwo duk babu su. In abincin kanti ya yanke, ka ɗan turara ganyen alayyafo ko zogale, ko ka yanka kokwamba ka danne da dutse, ka cire ragowar bayan 'yan awoyi.

Sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Kullum za su nuna maka yunwa suke ji, kada ka biye musu. Rana ɗaya a mako ka bar su haka. Ka ajiye gwangwanin inda hannun yara ba ya kai, ka ba su aikin zubawa a gabanka, suna jin daɗinsa ƙwarai.

9. Aikin mako-mako

Duk mako ka cire kamar lita 125, jarka biyar ke nan masu lita 25. Ka kashe hita tukuna, domin idan ta fito daga ruwa da zafinta tana fashewa. Da tiyo za ka zuƙe kashin da ya taru a bayan duwatsu. Sabon ruwan ya kasance wanda ya kwana a duro, zafinsa kusa da na akwati. Naitret kada ya wuce 40 a ma'auni, ƙasa da 20 ya fi. Soson filta a matse shi cikin ruwan da ka cire daga akwati, ba a famfo ba, kuma kada a wanke duka rana ɗaya. Kwashe kifi a wanke akwati tas da sabulu, kamar yadda wasu ke yi da niyyar tsafta, yana mai da kai farkon mataki na shida. Fitila awa shida zuwa takwas ta isa.

Ka kula da iskar ɗakin, domin injin iska ita yake turawa cikin ruwa. Maganin sauro na feshi, piya-piya da na hayaƙi duk suna kashe kifi, kaɗan ma ya isa. In dole a fesa, ka kashe injin, ka rufe akwatin da jiƙaƙƙen zane, sai ɗaki ya sha iska ka buɗe. Turaren wuta ma a yi shi nesa da akwatin. Hannu mai man shafawa ko turare ba ya shiga ruwa sai an ɗauraye.

10. Hunturu da bazara

Ana son ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 28. Daga Disamba zuwa Janairu daren Kaduna yana sanyi ƙwarai, kuma ba sanyin kaɗai ke cutarwa ba, hawa da saukar ne. Ka saita hita a 26. Ka manna kumfan roba a baya da gefuna biyu, da dare ka lulluɓe akwatin da bargo, ka bar kafar iska. Ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa, wannan na cikin amfanin babban akwati. In babu wuta, ka cika gorunan roba da ruwan ɗumi ka rufe su ka ɗora a ciki. Kada ka tuttula ruwan zafi kai tsaye. Murfi yana tare ƙura, yana kuma hana kifi tsalle.

A Maris da Afrilu kuwa ruwa na iya haura 30, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska. Ka ɗaga murfin ka sa raga a madadinsa, ka juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwa, ka ƙara iska, ka rage abinci. Abin da ya ƙafe ka cike da ruwa zalla, ba tare da sodar burodi ba.

11. Faɗa, ciwo da haihuwa

Kora da buɗe fiffike, har kama baki da baki, al'adarsu ce. Abin tsoro shi ne ka ga kifi ya maƙale a kusurwar sama ko bayan hita, launinsa ya dushe, wutsiya a yage. Ka cire shi ranar nan zuwa ƙaramin akwati. In namiji ɗaya ne ya addabi kowa, shi za ka cire na mako guda, ka sauya duwatsu kafin ya dawo. In ya koma halinsa, a nema masa wani gida.

Fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri sukan biyo bayan sanyi, kifin yana goga jiki a dutse. Ka ɗaga zafi a hankali zuwa 30, ka ƙara iska, ka narkar da gishiri zalla giram 2 a kowace lita, kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu, ka riƙe haka mako biyu ko da ɗigon sun ɓace. In akwai kurungu, ka rage gishirin da rabi. Kumburin ciki ya fi haɗari. Alamarsa ta farko kifi ya ɗauki abinci ya tofar, kashinsa ya zama fari siriri kamar zare. Kada ka jira cikin ya kumbura. Ka ware shi, ka tsai da abinci, ka canza ruwa, ka nemi likitan dabbobi ya auna maka maganin metronidazole.

Wata rana za ka ga mace ta daina ci, maƙogwaronta ya cika, tana motsa baki kamar mai tauna. Ba ciwo ba ne, ƙwai ta ɗauka, kuma za ta riƙe su kamar mako uku ba ci. Idan kana son 'ya'yan, ka mai da ita ƙaramin akwati bayan mako biyu da 'yan kwanaki, a hankali, da kofi maimakon raga don kada ta firgita ta tofar. Yellow lab takan saki goma zuwa talatin, sun riga sun iya iyo, suna cin niƙaƙƙen abincin manya. Ka ba uwar 'yan kwanaki ta ci ta murmure kafin ta koma wurin namiji. In ba ka da wurin reno, ka tara ƙananan duwatsu a kusurwa, masu rabo za su tsira a ciki. Waɗanda suka yi maka yawa ka ba abokai ko ka mayar wa mai sayarwa. Kada ka sake su a kogi ko rafi, baƙon kifi yana iya cutar da na gida.

Idan tafiyar Sallah ta taso, ka canza ruwa kwana ɗaya kafin ka tashi, ka caja injin iska. Manyan kifi masu lafiya suna yin mako guda ba abinci. In tafiyar ta fi haka, ka ƙulla abincin kowace rana a 'yar takarda daban, ka ɓoye gwangwanin, ka nuna wa wanda zai kula yadda ake kwararo ruwa da kofi idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba.